Ina Rufe Ido, Almakashina Yana Yanka

Anti, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri. Akwai mutumin da yake jiran amsata ƙarshen watan nan, idan na ce masa eh, to ni da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya mun raba gari ke nan. Na san na girme ki, na ga hotonki a saman filin nan, amma tunda kowa Anti yake ce miki ni ma na bi sahu. Sunana ki bar shi. Ba na fargabar ƙanwar tawa ta karanta, don ita jarida ba karantawa take yi ba, shimfiɗawa take yi ta fitar da samfurin hannun riga.

Ni tela ce. Shekarata hamsin da bakwai, talatin da ɗaya daga ciki a kan keke na yi su. Shagonmu ɗaki biyu ne, na gaba inda kekuna biyu suke da teburin yanka da na guga, sai 'yar ƙuryar baya inda muke jibge yadudduka da kayan da masu su suka manta da su. Mu uku ne a ciki. Ni, da ƙanwar tawa wadda duk gidanmu Auta muke ce mata har yau da take da jika, sai wani dattijo da ya shekara goma sha biyu yana yi mana guga, Baba mai guga.

Sai na yi miki bayanin abu ɗaya tukuna, in ba haka ba za ki ce tsohuwa ce take neman rigima a kan ƙarfe. A shagon ɗinki wanda yake yanka shi ne mai shago. Ɗinki idan ya karkace a farke a sake, yanka kuwa idan ya tafi ya tafi. Shekara goma sha tara ke nan da mijin Auta ya rasu na ce ta zo mu haɗa, kuma tun ranar ni nake awo, ni nake zanawa da alli, ni nake yankawa, ita ta haɗa. Almakashina babba ne, baƙin ƙarfe mai nauyi, daga hannun matar da ta koya mini sana'a na same shi, kuma ba mai taɓa shi. Maigidana ma da ya taɓa ɗauka ya yanke kwali da shi, sai da ya yi kwana uku bai ga haƙorina ba.

Wata biyar da suka wuce jiri ya kwashe ni ina tsaye a bakin tebur, Allah ya so Baba yana kusa ya turo mini kujera. Auta ta kai ni asibiti, aka ce jinina ya hau. Likitar yarinya ce, sa'ar 'yata ta biyu. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta ce in rage gishiri, in riƙa taka ƙafa. Duk wannan na sani, ba a kaina farau ba. Sai ta ƙara da wani abu da ban taɓa ji ba, wai kullum in samu minti goma in zauna shiru, in miƙe bayana, in rufe ido, in riƙa bin numfashina yana shiga yana fita, in ƙirga daga ɗaya zuwa goma in sake komawa ɗaya. Idan tunani ya zo kada in yi kokawa da shi, in dawo kan numfashin kawai. Na kalle ta sama da ƙasa na tambaye ta wannan kuma wane irin addini ne. Ta yi dariya ta ce ba abin da zan karanta, ba inda zan fuskanta, ba wanda zan kira, hutu ne kawai ake ba jiki da zuciya. Ni dai ban yarda ba. Numfashin da nake yi tun ranar da aka haife ni ba tare da na ƙirga ba, yau shi ne ya zama magani? Da muka fito na ce wa Auta yaran yanzu idan sun rasa abin rubutawa sai su rubuta wa mutum zama.

To a nan ne ya kamata in fara lura. Auta, wadda ko maganin zazzaɓinta sai na bi ta da shi, ita ce ta ɗauki maganar nan ta ɗora a ka. Washegari na zo na tarar ta gyara ƙuryar baya, ta kwashe buhunan ƙyalle, ta share, ta ajiye kujerar roba da matashi, har da sabon labule a ƙofa. Ta karɓi wayata ta sa mini wata ƙararrawa mai taushi da take kaɗawa idan minti goma sun cika. Kuma ita ta zaɓi lokaci, ƙarfe goma da rabi na safe, daidai sa'ad da na gama yankan ranar na jera shi a gefen tebur. Na ce me zai hana in yi a gida kafin in fito, ta ce jikoki ba za su bar ni ba. Na ce to da yamma, ta ce lokacin ne masu karɓar kaya suke zuwa. Duk ƙofar da na nufa sai in tarar ta riga ni tsayawa. A lokacin na ɗauka ƙauna ce, har na ba maigidana labari ina jin daɗi.

Satin farko ban ga komai ba sai wahala. Ina rufe ido hanci zai fara ƙaiƙayi, sai gwiwa, sai in tuna ban fitar da nama daga firji ba. A ƙirgar ban taɓa kaiwa bakwai ba. Daga huɗu sai in tsinci kaina ina faɗa da wata mata da ta zage ni a kan zif shekara shida da suka wuce, kuma a cikin kaina kullum ni nake cin nasara. Rana ɗaya barci ya sace ni, ƙararrawa ta yi ta yi ban ji ba sai da Auta ta leƙo. Na ce mata kaina ba irin wanda ake kashewa ba ne, ni na haƙura. Ta yi ta lallashina, wai in ƙara sati ɗaya don Allah, don 'ya'yana. Maigidana kuwa abin dariya ya samu. Ina dawowa zai tambaye ni yau nawa na ƙirgo, numfashin ya cika ko an sace wani.

A sati na uku, tsakani da Allah, na fara jin wani abu. Kafaɗuna suka sauka, ashe shekara da shekaru a ɗage nake riƙe da su ban sani ba. Akwai ranar da na kai goma har sau biyu, na ji kamar in fito bakin titi in yi shela. Kuma kunnena ya buɗe. Anti, shekara talatin ina cikin shago ban taɓa jin shago ba, saboda kullum ni ce mai surutun. Yanzu sai ga ni ina jin komai ta bayan labule. Ina jin ƙafar Auta a kan keke, ta yi gudu ta tsaya ta sake gudu, haka take ɗinki tun tana budurwa. Ina jin dutsen guga yana huci idan Baba ya yayyafa ruwa. Har mai gyaran takalmi na maƙwabta ina jin yana buga ƙusa.

Sai rannan na ji keken Auta ya yi shiru. Na ce ko zare ne ya ƙare, na dawo kan numfashi, ɗaya, biyu. Sai na ji takun silifas ɗinta, kuma ba ƙofa ta nufa ba, teburina ta nufa. Sannan na ji shi. Almakashina yana da murya, Anti. Ƙananan da muke yanke zare da su cas-cas suke yi, shi kuwa idan bakinsa na ƙasa yana kan katako wani gurnani yake yi mai nauyi har tebur yana amsawa. Ko cikin ɗari aka jefa shi zan fitar da shi da kunne. Ina zaune idona a rufe, hannuwana biyu a kan cinya, almakashina yana yanka.

Ban fita ba. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Na zauna har ƙararrawa ta kaɗa. Na fito na tarar Auta a kan kekenta, Baba yana gugarsa, almakashi yana inda na bar shi. Ta ɗago ta yi mini sannu, wai yau fuskata ta yi fes. Na ji kamar in kwaɗa mata tef ɗin awon da ke wuyana, amma na yi murmushi na ce alhamdu lillahi.

Daga ranar na fara sa ido, ko in ce na fara sa kunne. Ba kullum ake yanka ba, amma a sati sai a yi sau uku ko huɗu. Wata rana sai dai in ji ana buɗe littafin awo, ana jan tef, a mayar. Na kuma gano Baba yana ciki dumu-dumu. Idan saura kamar minti ɗaya sai ya dangwarar da dutsen guga sau biyu a jere, nan take silifas su koma, keke ya tashi. Mutumin da na ɗauka aiki da hannuna, wanda na yi wa matarsa ɗinki kyauta ba sau ɗaya ba, shi ne mai gadi.

Don kada in zalunci kowa na yi gwaji. Na sa siririn farin zare tsakanin bakin almakashin kafin in shiga, na fito na same shi gida biyu a ƙasan tebur. Na tona kwandon ƙyalle bayan sun tashi, na samu 'yan siraran yanka masu faɗin yatsa, daga yadin da na yanka da safe, kuma ni ban fitar da su ba. Rana ɗaya kuma na ƙirƙiro tari na fito a minti na shida. Na same ta tsaye a teburina, tef a hannu. Ta ce fil take nema. Fil ɗin da yake cike da gwangwani a kan kekenta. Baba kuwa ya duƙufa yana goge hannun rigar da ya riga ya goge, kamar ransa a kai yake.

Kafin ki ce ko yankan nawa ne yake da matsala, bari in riga ki. Eh, bara an dawo mana da kaya sau uku ko huɗu, wata hannu ya fi hannu, wata kafaɗa ta zame. Amma ni na san daga wajen haɗawa ne, kuma na faɗa wa Auta a gaban mai kayan, don ni ba na ɓoye gaskiya. Ba ta ce uffan ba. Sannan tef ɗin awo na yanzu ba su da kirki, lambobi ƙanana, uku da takwas kamar tagwaye, ga ƙwan fitilar da aka canza mana dishi-dishi yake. Zare kuwa Auta ce take zura mini a allura tun bara, amma wannan don ta fi ni haƙuri ne. Tun da na fara zaman nan ko riga ɗaya ba a dawo da ita ba, kuma ina ganin shi ma cikin shirin ne. So take ranar da za ta fito fili ta ce ai dama ita take riƙe da shagon. Satin da ya wuce wata malamar makaranta da na shekara ashirin ina yi wa ɗinki ta gwada rigarta ta ce hannuna sai ƙara kyau yake yi. Na yi godiya. Na saci kallon Auta, ta sunkuyar da kai tana wasa da zare. Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci irin na ranar ba.

Abin da nake gani shi ne Auta tana son kujerata. Shekara takwas da suka wuce ta taɓa roƙona in bar ta ta riƙa yanka ko da kayan yara ne, na ce lokaci bai yi ba, ba ta sake tayar da maganar ba. Ashe ajiye ta ta yi. Yanzu ta samu hanyar da za ta kulle ni a ƙurya da yardata, idona a rufe, tana koyon yanka a kan aikina. Har na fara tunanin ko ta riga ni ganin likitar sun shirya. Na san wannan ya yi nisa, amma ya zo mini, kuma a zaune a kan kujerar robar nan ya zo mini.

Ni na goyi yarinyar nan, Anti. Ni na yi mata kitso ranar da za ta fara zuwa makaranta. Abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa. Da ta zo ta ce Yaya ga abin da nake so, ko da faɗa za mu yi, da mun yi mun gama. Amma a mai da ni abin wasa a shagona, ana buga mini dutsen guga kamar wata mahaukaciya da ake jira ta wuce, wannan ne ba zan iya haɗiyewa ba.

Shi ya sa na je na ga wani shago da ya fita daga hannun mai sayar da labule, layi uku daga namu, ba tare da kowa ya sani ba sai maigidana. Mai ginin ya ce zai riƙe mini zuwa ƙarshen wata. Niyyata in ɗauki kekena da teburina da almakashina in bar mata sauran, ta yanka har ta gaji. Maigidana ya ce in tambaye ta mana, bakina ba ciwo yake ba. Na ce wanda ya yi ɓoyo shi ya kamata ya fara magana.

Zaman shirun kuwa ban fasa ba, sai dai yanzu ba numfashi nake ƙirgawa ba, takun silifas nake ƙirgawa. Da na koma asibiti jinin ya fi na da hawa. Likita ta tambaye ni ko ina yin zaman, na ce ko rana ɗaya ban tsallake ba, kuma ba ƙarya na yi ba.

To ki gaya mini, Anti. Wannan zaman buɗe mini ido ya yi in ga abin da ake ƙulla mini, ko kuwa dama aikinsa ke nan, ya cusa wa mutum waswasi ya raba shi da 'yan'uwansa? In daina ko in ci gaba? Kuma shagon nan, in karɓa?

Taki, Yayar Auta.

AMSA

Yaya, na karɓi matsayina, ke ce babba. Amma yau ki ara mini kunnen nan naki mai kaifi.

Mu fara da mai gini, tunda shi ne mai gaggawa. Kada ki ce masa eh a watan nan. Idan ya ba wani, ya bayar. Shago ana samu duk shekara, kuma ba a yanke irin wannan hukunci a kan abin da aka ji ta bayan labule.

Ba zan ce miki kunnenki ƙarya yake yi ba. Zaren ya yanke, siraran ƙyallayen suna cikin kwando, kuma ni ma ina ganin da gangan aka zaɓi goma da rabi. An ɓoye miki abu a shagonki, an haɗa kai da ma'aikacinki, kuma kina da gaskiya da kika ji zafi. A nan Auta ta yi kuskure, ba zan wanke ta ba. Sai dai ki raba abu biyu. Abin da kika ji shi ne almakashi yana yanka. Son kujera, shiri da likita, ranar da za ta fito fili ta ci miki fuska, duk wannan ba ki ji shi ba, ke kika ɗinka shi.

Wannan kuskure ne da masu fara zaman shiru suke yawan faɗawa ciki. Da farko mutum yakan ɗauka dole kansa ya zama wayam, idan tunani ya zo sai ya ce ya kasa. Daga baya, idan ya fara samun nutsuwa, sai ya koma ɗaukar duk abin da ya faɗo masa a zaune a matsayin gaskiyar da aka buɗe masa. Ba haka ba ne. Shiru yana ƙara wa kunne kaifi, amma ba ya fassara abin da kunnen ya jiyo. Matar nan da kike faɗa da ita a kan zif da maganar shiri da likita daga rami ɗaya suka fito. Zaman bai cusa miki waswasi ba, kuma bai zama mai duba ba. Abin da ke zuciyarki ne ya samu fili ya taso.

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don na san ba zai yi daɗi ba. Ki sake karanta wasiƙarki kamar wata ce ta rubuto miki. Mace mai shekara hamsin da bakwai tana cewa uku da takwas sun zama tagwaye, fitila ta dushe, wata ce take zura mata zare, bara an dawo da kaya sau uku ko huɗu, kuma tun da aka fara bin bayan yankanta ba a sake dawowa da ko ɗaya ba. Me za ki ce mata? Ni ba likita ba ce, amma ina roƙonki ki je a duba idonki cikin satin nan, kafin ki yi magana da kowa. Mai hawan jini ma dama ya kamata a riƙa duba masa ido. Ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa tabarau ne kawai yake raba gardamar. Idan an ce idonki garau yake, to kin samu hujja. Idan an ce akasin haka, gara ki ji daga bakin mai gwaji.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wanda yake son ya ture ki daga teburin nan ba ya bukatar ya taɓa almakashinki. Hannu kawai zai naɗe ya ɗinka abin da kika yanka yadda kika yanka shi, ya bar masu kaya su yi masa aikin. Wata uku sun isa. Ita kuwa Auta ta sha faɗa a gaban mai kaya ta yi shiru, sannan ta ji ana yaba hannunki a kan rigar da wataƙila ita ta daidaita, ta sake yin shiru. Ban ga alamar mai neman a san da ita a nan ba. Idan kuma kina tambayar me ya hana ta zuwa ta faɗa miki, amsar tana cikin wasiƙarki. Mijinki ya yi kwana uku a hukunce a kan kwali. Ita ta wace ƙofa za ta shigo ta ce Yaya awonki ya fara zamewa?

Amma kada in mai da ita waliyyiya. Yana yiwuwa ƙwarai tana son yanka, kuma tana jin daɗin minti goman nan fiye da yadda za ta amsa. Abu biyun suna iya zama a zuciya ɗaya, tana rufa miki asiri, tana kuma marmarin abin da kika hana ta. Son yanka ba cin amana ba ne. Mace mai jika, shekara goma sha tara tana haɗa abin da kika yanka, hannunta ya kai inda ba ki gane gyaranta da ido ba sai da kunne. Kin ce mata lokaci bai yi ba. Ki tambayi kanki tsakani da Allah yaushe kika yi niyyar ya yi.

Bayan gwajin ido, ki je gidanta. Ba a shago ba, ba a gaban Baba ba, kuma kada ki tafi da ƙyallayen nan a jaka kamar mai shiga kotu. Ki bar jiran wai ita ta fara, ke ce babba, kuma ke ce jininki yake hawa. Ki ce mata kin daɗe kina ji, kin kuma ji zafin ɓoyon, sannan ki roƙe ta ta gaya miki me take gyarawa. Daga nan ki yi shiru. A nan ne abin da kika koya a kujerar roba zai yi miki rana. Idan kika ji amsa mai zafi ta taso miki, ki ja numfashi uku kafin ki buɗe baki. Ki bar ta ta kai ƙarshen maganarta ko da rabinta bai yi miki daɗi ba. Baba kuwa ki ƙyale shi, tsakanin 'yan'uwa biyu ya tsinci kansa.

Zaman shiru kada ki daina, amma ki sake shi daga farko, domin abin da kike yi wata huɗun nan gadi ne, kuma gadi ba ya sauke jini. Ki gaya wa likitarki haka, ta san abin da take aunawa, ki kuma ci gaba da shan ƙwayoyinki, zaman ba ya maye gurbinsu. Ki bar ƙuryar shago. Ki zaɓi lokacinki da kanki a gida, minti biyar sun isa a yanzu, jikoki kuma a ce kakansu mai ba'a ya riƙe su. Idan rufe ido yana tayar miki da hankali, ki bar shi a ɗan buɗe kina kallon ƙasa. Tunani zai zo, ba makawa. Ki kira shi da sunansa a zuci, ki ce wannan zargi ne, wannan tsohon faɗa ne, ki dawo kan numfashi. Ɓacewa a huɗu da dawowa ɗaya ba kasawa ba ce, ita ce aikin gaba ɗaya, kamar yadda zare yake fita daga allura a sake zurawa ba tare da an yi fushi da shi ba. Ki kafa wa kanki doka cewa ba a yanke hukunci a kan kujerar nan. Idan zaman ya riƙa sa miki ƙuncin ƙirji ko firgita, ki tsaya ki faɗa wa likita. Idan kuma har yanzu zuciyarki tana ɗar-ɗar ta fuskar addini, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, kada ki ƙara wani zargin a kan wanda kike ɗauke da shi.

Yana yiwuwa na yi kuskure, Yaya, daga nesa nake. Idan kika je ta nuna miki lallai so take ki gusa, to kin ji daga bakinta, sai ki tashi da hujja, kuma ni zan fara ba ki haƙuri. Amma idan ni ce da gaskiya kika riga kika kwashe kaya, za ki tsaya ke kaɗai a sabon shago, kaya suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda za ki ɗora wa, kuma kin rabu da ƙanwarki a kan laifin rufa miki asiri. Wannan ba ya farkuwa a sake.

Idan ta fashe da kuka ranar da kika je, kada ki ɗauka kukan wadda aka kama ne kawai. Wata huɗu ke nan tana aiki da sauri gabanta yana faɗuwa, tana tsoron ranar da za ta kalli yayar da ta goye ta ta faɗa mata abin da ba wanda ya iya faɗa mata. Ki sauƙaƙa mata, ki sauƙaƙa wa kanki.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya bar ku tare.

Anti.